Kafin Aska ta Hau Kai

Wanda bai san wanzanci ba yakan ɗauka duk gwanintar tana bakin aska. Masu zabira kuwa sun san rabin aski ana gama shi tun ba a zaro askar ba. Busasshen gashi yana da gardama, musamman na gemu da na ƙeya. In aka ɗora masa aska a haka sai ta riƙa fizgarsa, mai kai yana runtse ido, ita ma askar tana dakushewa. Amma in gashin ya sha ruwa na minti biyu ko uku sai ya kumbura ya yi laushi, aska ta ratsa shi salin-alin. Sai dai ruwa ba ya zama a kai: wani ya gangare, saura iska ta ɗauke. Aikin sabulu shi ne ya tsare ruwan nan a jikin gashi har aska ta iso, ya kuma sa santsi tsakanin ƙarfe da fata. Kumfar da ba ta yi waɗannan ba, ado ce kawai.

A leƙa rumfar wanzamai ranar Juma'a da hantsi, ko jajibirin Sallah, a ga yadda ake yi. Mai aski yana zaune a kan tabarma, ya tuɓe hula ya sunkuya. Gefen wanzami akwai ƙoƙon ruwa da guntun sabulu wanda ya sha hannu har ya yi kwarmi. Zai tsoma yatsu a ruwa ya yayyafa a kan, ya goga sabulun kai tsaye, sannan ya shiga murzawa da kan yatsu, yana tayar da gashin daga inda ya kwanta. Murzar nan ita ce aikin, kuma ba ya gaggawa da ita, don lokacin ne ake gaisawa, a tambayi iyali, a taɓa zancen farashin hatsi. Kumfar da yake samu siririya ce, mai danshi da sheƙi, ana hango gashi ta cikinta. Kafin ya ɗauki aska zai ja babban yatsa a fata. In ya zarce da santsi, to. In ya ji yana tirjewa, sai ya ƙara ruwa, ba sabulu ba. Yaron da ke koyo shi ne zai yi ta lafta sabulu har kai ya yi fari tas, sai ka ji maigidan ya ce, "Kai, wanka za ka yi wa Alhaji? Sa ruwa."

Ba kowane sabulu ne yake amsa aska ba, kuma dalilin yana cikin man da aka dafa shi da shi. Alayyadi da man kwakwa suna ba da kumfa nan da nan, mai manyan ƙwayoyi, wadda take burge ido amma take faɗuwa kafin a je ko'ina, ta bar fata a bushe. Kitsen shanu da man kaɗanya kuwa suna da yawan sinadarin da masana ke kira sitiyarik asid. Kumfarsu ba ta saurin tashi, amma in ta tashi ƙwayoyinta ƙanana ne a matse, kuma tana daɗewa. Shi ya sa masu haɗa sabulun aski suke rinjayar da kitse, su ɗan sa man kwakwa don ya tayar. Akwai kuma abin da ake dafa man da shi. Sabulun wanki mai tauri da soda ake yin sa; na aski yawanci ana haɗa masa da fotash, wanda ke sa sabulu ya yi laushi ya narke da wuri. Fotash ɗin nan shi ne yake cikin ruwan toka, wato matan da ke dafa sabulun salo sun daɗe a kan wannan hanya. Sai dai sabulun salo hannu-hannu ne. In toka ta fi ƙarfin mai, wanda aka yi wa aski zai tashi kansa yana raɗaɗi.

A Turai da Turkiyya an bi wata hanyar, ta burushi da kwano. A Landan akwai shagon Truefitt & Hill da ke aski tun 1805. Italiya tana da Proraso, wanda ya fito a birnin Fulorans a 1948, Turkiyya kuma tana da Arko, ɗan sandan sabulu mai arha da ake gogawa a fuska kai tsaye, kamar dai yadda namu wanzamin yake yi. Mai burushi yakan jiƙa shi a ruwan ɗumi, ya yarfe, ya yi ta juya shi a kan sabulu kamar rabin minti har bakin gashinsa ya ɗauki kauri. Daga nan sai ya koma kwano ko fuska, yana juyawa yana ƙara ruwa ɗigo-ɗigo. Da farko abin zai yi danƙo ya riƙa kamawa, alamar ƙishirwa ke nan. Can sai ya saki, ƙwayoyin su ɓace, ya yi sheƙi kamar kindirmon da ya kwana. A nan ake tsayawa. In aka zuba ruwan gaba ɗaya tun farko, sai a sami kumfa mai iska wadda ba ta riƙe komai. Burushin da aka fi yabawa na gashin wata dabba ne dangin dage. Akwai na gashin doki, akwai na alade wanda Musulmi da yawa suke kauce wa, ga kuma na zaren roba da yanzu ya yi kyau ƙwarai, ba ya ma buƙatar jiƙo.

A ganina burushi ya fi yatsa a wajen gyaran fuska, don yana shiga ƙarƙashin gashin gemu ya ɗaga shi. A askin ƙwal-kwabo kuwa yatsa ya fi, domin shi ne yake jin ƙurji ko tabo ko tudun ƙeya tun kafin aska ta same su.

Ruwa ma yana da nasa hali. Ruwan zartsi, irin na wasu rijiyoyi da burtsatse, yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam, waɗanda suke kama sabulu su mai da shi ɓarɓashi fari maimakon kumfa. Wanda ya ga farin abu yana daskarewa a gindin tukunyar dafa ruwansa, to irin ruwan ke nan. Maganinsa a ƙara sabulu, ko a nemi ruwan sama in damina ce. Ruwan ɗumi ya fi na sanyi saurin tausasa gashi, amma tafasasshe yana kashe kumfa.

Sai hunturu, babban abokin gabar wanzami. Iskar tana busar da kumfa kafin a kai rabin kai, ta zama ɓawo, aska ta fara kankara maimakon yanka. Don haka gwani ba ya shafe kai duka a lokaci ɗaya. Yakan jiƙa gefe guda ya aske, ya share askar a bayan hannu, ya sake tsoma yatsu ya koma gaba. Masu iya magana sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma a watan sanyi ragon wanzami yakan ninka zafin, don wurin ne ya fi daɗewa yana jira.

Kilifa ta janye samari zuwa shagunan aski, inda ake yi a bushe ba ruwa ba sabulu. Tsoron cututtukan da ake ɗauka ta jini, irin su ciwon hanta da ƙanjamau, ya sa mutane da yawa suna zuwa da askarsu, ko su nemi a ɓare sabuwar reza a gabansu. Hakan ya rage wa wanzami aikin wasa aska, amma bai rage masa na jiƙo ba, don reza ta fi askar maƙera siranta, kuma ba ta yafe busasshiyar fata. A askin suna ma, inda kan jaririn kwana bakwai yake hannunsa, a kan ruwan ɗumi da tausasan yatsu yake dogara, sabulun kaɗan ne ƙwarai, yana tare shi da tafin hannu kada ya gangara ido.