Filasma: Kafin ka zagi mai kyamara, duba rimot ɗin ka

SAU da yawa za ka ji ɗan kallo ya na ƙorafi. Ya tara kuɗi ya sayi filasma mai inci 42 a cikin garin Kaduna, ya tsallako gada da ita, ya bi titin Kachiya ya wuce Sabon Tasha har Unguwar Boro, ya maƙala ta a bango. Ya sa faifan 'Wasila', sai ga Ali Nuhu ya kumbura ya yi gajere, fuskar sa jawur kamar an shafa mata manja. Nan take sai a hau zagin mai kyamara da edita, wai 'yan fim ɗin mu ba su iya aiki ba.

To, tsaya tukuna malam! Galibi laifin ya na cikin saitin talbijin ɗin ne, kuma gyaran bai wuce na minti 15 ba.

Wace iri ka saya?

A ƙasar nan duk talbijin mai shafaffen ciki filasma mu ke ce mata. Amma filasma ta ainihi, Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera ta tun 2014, don haka in ka samo ta a yau, to tokumbo ce, sabuntar ta a ɗakin ka ne kawai. Za ka gane ta da nauyi, da fuskar gilas mai tauri, da ɗumin da ta ke fitarwa. A cikin gilas ɗin akwai 'yan mitsi-mitsin ɗakuna cike da iskar gas, kowane ya na kunna hasken kan sa. Shi ya sa baƙin ta ya ke fita wuluk, kuma ko daga gefen tabarma ka ke kallo launi ba ya dusashewa.

Matsalar ita ce saitin shago da yawancin su ke zuwa da shi. An ƙure haske da kala don ta ja idon mai wucewa a kasuwa. Shiga menu, wajen hoto, in ka ga 'Dynamic' ko 'Vivid', mayar da shi 'Cinema' ko 'Movie'. Da farko za ka ga kamar hoton ya yi sanyi. Ba idon ka kwana biyu ya saba.

Me ya kumbura jarumin?

Finafinan zamanin kaset da faifan CD, irin su 'Sangaya' da 'Wasila', an ɗauke su ne a ma'aunin 4:3, daidai da tsohuwar talbijin mai ƙeya. Ita kuwa filasma 16:9 ce, ta fi faɗi. Idan ta ja hoton hagu da dama don ya cika gilas, dole kowa ya yi ƙiba. Danna maɓallin girman hoto ka zaɓi 4:3. Za ka ga fili a gefe biyu, haka abin ya ke. In ka koma kan 'Labarina' ko 'Izzar So', sai ka mayar 16:9.

Wani abin kuma, hoton faifan VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Filasma mai inci 42 da yawa ɗigon su 1024 ne da 768, wato kusan ninki takwas. Duk wani dishi-dishi da tsohuwar talbijin ke rufa wa asiri, nan zai fito fili. Maganin sa shi ne a rage 'Sharpness' sosai, domin ba ya ƙara wa hoto komai sai farin zane a gefen fuska da hula. Sannan a ɗan ja kujera baya.

Baƙi, fari, sai fuska

Yi saitin a irin hasken da ka saba kallo, kuma bi wannan jerin.

Fara da baƙi. Abin da aka rubuta wa 'Brightness' zurfin duhu ya ke gyarawa. Tsayar da fim a fitowar dare, ka yi ta ragewa har baƙar riga ta ɓace cikin duhu, sannan ka ƙara kaɗan-kaɗan har ninkin rigar ya bayyana. Tsaya nan. In ka wuce, dare zai koma kamar hazon hunturu.

Sai fari, wato 'Contrast'. Nemi fitowar da wani alhaji ya sha farar shadda a rana. Idan aikin wuyan babbar rigar ya narke ya zama fari fat, ya yi yawa. Rage har zaren aikin ya fito.

Na ƙarshe kala, kuma a nan fuskar mutum ce alƙali. Kowa ya san launin fatar ɗan'uwan sa. Rage 'Colour' har baƙin mutum ya fito baƙi mai sheƙi, wankan tarwaɗa ya fito wankan tarwaɗa, jan atamfar jaruma ya daina malala. Wajen ɗumin launi zaɓi 'Warm', shi ya fi kusa da farin da editoci ke aiki da shi. 'Cool' kan sa fuska ta yi toka-toka.

Kada a manta da waya. In na'urar ka na da HDMI, yi amfani da ita, ka ajiye mai bakin rawaya ɗin nan.

Tabon da ba ya gogewa

Nan ne kuɗin ka ke cikin haɗari. Duk abin da ya daɗe a waje guda a kan filasma, kamar tambarin tasha a kusurwa, ko allon cin ƙwallo, ya kan bar inuwar sa. Wata inuwar ta kan tafi bayan an kalli wani abu daban, amma in ɗigon wajen su ka tsufa fiye da sauran, ta zauna kenan, ba mai gyaran da zai cire ta. Ƙure 'Contrast' na gaggauta wannan. Haka ma baƙin gefen 4:3 in kullum shi ake kallo, shi ya sa wasu ke da zaɓin mayar da gefen ruwan toka. Kunna shi, ka kuma kunna 'Pixel Shift' ko 'Orbiter' in akwai. In za ka tashi sallah ko cin abinci, kashe ta, kada ka bar hoto a tsaye.

Ga kuma batun wuta. Filasma ta fi LED shan lantarki, kuma yawan haske na ƙara mata ci, abin da ƙaramin janareta zai gaya maka da kukan sa. Sa mata sitabilaiza, ka bar mata sarari ta sha iska, in za a ɗauke ta a ɗauke ta a tsaye.

Idan ka gama, rubuta lambobin a takarda, domin ƙannen ka ba za su bar rimot ya huta ba. Bayan nan in fim ya fito da duhu ko fuska ta yi kore, to ka na da hujjar rubuto wasiƙa ka caccaki furodusa.