Sayen Tsofaffin Kayan Ɗaki a Birnin Kano: Sunayensu da Hanyar Gane Su

Manufar wannan ɗan bayani ita ce a nuna cewa mai neman tsofaffin kayan ɗaki a Kano, ko don nazari ko don ajiya, yana bukatar sanin sunayensu tun kafin ya san kuɗinsu, domin sau da yawa sunan abu shi ke nuna hanyar da ya biyo ya shigo ƙasar Hausa.

Alal misali, sanduƙi kalmar Larabci ce. Akwati kuwa daga Yarbanci aka aro ta, ita kuma adaka daga harshen Asante, abin da ya dace da tarihin fataucin goro zuwa Gwanja. Tebur da kabad Ingilishi ne, kuma irin waɗannan kaya ba su yaɗu ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Saboda haka duk dillalin da ya ce kabad ɗinsa ya girmi zuwan Turawa, to sunan kayan ma ya isa ya sa mai saye ya yi shakka.

Akasarin kayan nan daga ɗakunan mata suke fitowa. Gado da jere mallakar mace ne, iyayenta suka yi mata, kuma dukiya ce da takan juya idan bukata ta taso, ko magada su sayar bayan rasuwarta. Dillaliya ce ke fito da su daga cikin gida, ta karɓi la'adarta, kana su isa hannun 'yan kasuwa. Kayan sassaƙa da na tagulla, kamar akushi da kujerar mata da tasoshin Bida, an fi nemansu a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499).

Wurin gane na ainihi ne ake shan wuya. Kujerar da ta tsufa daga gungume guda aka sassaƙa ta, ba ƙusa ba haɗi, ga shatin gizago a ƙarƙashinta, samanta kuma ya yi santsi don yawan zama. Sabuwa akan turara ta da hayaƙi ta yi baƙi, amma baƙin yakan zama bai ɗaya, har a lungunan da hannu ba ya kaiwa, alhali tsufa ba haka yake cin itace ba. Langa da fanteka kuwa sai a kifa su a duba tambarin masana'anta. Game da gado mai rumfa, a lura da mahaɗansa: inda aka ga walda, galibi gyara ne na baya.

Ciniki kansa yana da ƙa'ida. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ƙari har ya sallama. Wanda ya yaba kaya kafin ya taya ya ƙara wa kansa kuɗi.

A ganina babban abokin hamayyar manazarci a nan shi ne ɗan gwangwan, wanda ke sayen gadon ƙarfe da tasa bisa nauyi don a narkar. Abin da ya shiga buhunsa ba ya isa Gidan Makama, kuma ba wanda zai tambayi mai shi yadda ake kiransa ko shekarar da aka yi mata jere da shi. Ya kamata ɗalibin da ya sayi irin wannan kaya ya rubuta sunansa kamar yadda dillaliya ta faɗa, da unguwar da ya fito, tun bai bar wurin ba.