Ciwon dasashi: abin da muka gada da abin da ke hannunmu

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata da ƴan uwa ƴan kasuwa, akwai tambayar da masu saurare suka sha aiko mana a gidan rediyo. Mata biyu rumfa ɗaya, abinci ɗaya, goro ɗaya, asuwaki ɗaya, amma ɗaya haƙoranta garau har tsufa, ɗayar kuwa tun tana da shekara 40 dasashinta na jini, haƙora na girgiɗi. Mi ya kawo haka? Mun bincika, ga abin da muka samo.

Ciwon dasashi yana farawa ne daga dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori, wadda cike take da ƙwayoyin cuta. Jiki ya kan tura dakarunsa su yaƙe su, shi ne kumburi da jinin da muke gani. Amma idan yaƙin ya daɗe ko ya wuce kima, sai ya ci naman dasashi da ƙashin da ke riƙe haƙori. Kamar mai gadin kasuwa ne da ya kunna wuta don korar ɓarawo, ya ƙone rumfar gaba ɗaya. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta bayyana a 2022 cewa wajen kashi 19 cikin ɗari na manyan duniya na fama da mai tsananin wannan ciwo, wato mutum sama da miliyar ɗaya.

To, ba kowane jiki ke kunna wutar daidai da wani ba. A ƙasar Siri Lanka, tun daga 1970 likitoci suka bi ma'aikatan gonar shayi 480 har shekara 15. Babu mai zuwa wurin likitan haƙori a cikinsu, kuma duka bakinsu da dauɗa. Sakamakon da ya fito a 1986 ya nuna kashi 8 cikin ɗari ciwon ya cinye su da sauri, kashi 81 a hankali, kashi 11 kuwa bai wuce kumburin sama ba. Daga baya, wani bincike kan tagwaye a Amurka a 2000 ya ƙiyasta cewa kusan rabin wannan bambanci daga gado yake.

Mi aka gada? Akwai wani sinadari da jiki ke yi mai suna intalukin-1, shi ne kamar mai busa ƙaho yana kiran dakarun kumburi. A 1997 wani likita Ba'amurke, Kenneth Kornman, da abokan aikinsa suka gano cewa masu wani nau'i na ƙwayoyin gadon da ke sarrafa wannan sinadari sun fi kamuwa da ciwo mai tsanani. Amma a lura da abu biyu. Na farko, ga waɗanda ba su shan taba ne aka ga wannan alaƙa. Ga mashaya taba kuwa, da gado da babu, ɓarnar tana nan. Na biyu, wajen kashi 30 cikin ɗari na Turawa ke da wannan nau'i, amma a Sin bai kai kashi 3 ba, kuma binciken da ya biyo baya a ƙasashe daban-daban bai zo da amsa ɗaya ba. Yau masana sun tafi a kan cewa ƙwayoyin gado da yawa ne ke haɗuwa, kowace da ɗan rabonta, babu guda da ke yanke hukunci.

Ke nan ba mu buƙatar wani awo mai tsada. Mu dubi gidanmu. Idan inna ko baba sun zubar da haƙora tun da ƙuruciya, ko ƴan uwa na kukan dasashi, sai mu ninka kulawa. Gado ba ya kawo ciwon shi kaɗai. Sai ya samu dauɗa, ko taba, ko ciwon sukari da ba a kula da shi ba.

Abin yi ba shi da wuya. A goge haƙora safe da dare, da burushi ko asuwaki, a kai har gindin haƙori inda ya haɗu da nama. A bar sigari da taba gari. Mai ciwon sukari ya riƙe maganinsa, domin ciwon biyu suna ƙara wa juna ƙarfi. Mai juna biyu ta san dasashinta ya fi saurin jini a wannan lokaci, kada ta daina gogewa saboda tsoro. Dauɗar da ta daskare ta zama dutse kuwa, likitan haƙori ne kaɗai ke kankare ta.

Mun san barin rumfa wuni guda asara ce. Amma wannan ciwo sau da yawa ba ya zafi sai ya yi nisa, kuma ƙashin da ya ci da wuya ya dawo. Jini a asuwaki, warin baki da ba ya wucewa, ko haƙori mai motsi, to a tafi likita tun da wuri. Allah ya ba mu lafiya, ya ba da kasuwa.