Sirka Mai: Daga Bututun Agadem Zuwa Jarkokin Illela

Duk wanda ya bi hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni ya san ba a gidan mai kaɗai ake cinikin mai ba. Ga jarkoki da galan-galan jere a bakin titi, ɗan bumburutu riƙe da mazurari yana jiran mai babur. Tun Nuwamban 2019, da gwamnatin Najeriya ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, jama'a suka ƙara dogara da su.

A tsallaken iyaka kuwa, wani man ne ke wucewa ta ƙarƙashin ƙasa. Bututun da kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa ya taso daga Agadem a jihar Diffa, ya ratsa Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso, tafiyar kusan kilomita 2,000, har tashar Seme a Benin, inda jirgin farko ya yi lodi a 2024. Abin da ke cikinsa ɗanyen mai ne, ba ya tuƙa mota sai ya bi ta matata.

Shi ɗanyen mai kala-kala ne. Wani ruwa-ruwa, wani kuwa, irin na Orinoko a Benezuwela da na Albata a Kanada, kaurinsa ya kai na kwalta, ba ya gudu a bututu sai an tsinka shi. Ko dai a ɗumama shi, ko a sirka shi da mai marar nauyi. A Kanada sirkin kan kai kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma kuɗi ne ba kaɗan ba. Shi ya sa masana a jami'ar Texas A&M ta Amurka da wasu a Kazakistan suka gwada wata dabara: na'ura ta harba ƙwayoyin lantarki cikin man da gudun tsiya, su tsittsinka dogayen sarƙoƙin sinadarin da ke sa shi kauri, ba tare da an kai ga zafin da matata ke buƙata ba. Dabarar na da sharaɗi. In zafin bai yi daidai ba, guntayen sai su sake haɗewa, man ya fi da kauri. Har yau yawancin aikin bai wuce gwaji ba, kuma a bayan katangar kankare ake yin sa saboda haskensa na da illa ga jiki.

To, abin da masu digiri ke yi da ma'auni da taka-tsantsan, shi wasu ke yi da ka a bayan shago. Baƙin mai ya yi kauri da sanyin hunturu, sai a ɗora duro kan wuta. Kananzir ko gas ya yi tsada, sai a zuba masa fetur don ya yi auki. Nan haɗarin yake. Kananzir na ƙwarai ba ya fitar da tururin da ke kama wuta sai ya kai zafin digiri 38, fetur kuwa ko cikin ƙanƙara yana fitar da shi. Kofi ɗaya a galan ya isa ya mai da risho ko fitilar ƙwai abin fashewa, kuma mata da yara ne ke kusa da su.

Kwasar ganimar man tankar da ta faɗi ma haka take da haɗari. A Mayun 2019 tankar mai ta fashe a Yamai, ta kashe fiye da mutum 50. A Majiya ta Jigawa, cikin Oktoban 2024, waɗanda suka rasu sun haura 150, yawancinsu sun je ɗiba ne.

Saboda haka mai saye ya shinshina kafin ya biya. Kananzir ɗin da ke warin fetur kada ya shiga gida, kuma kada a ƙara wa risho mai yana ci. Wanda ya ga tanka ta faɗi ko bututu na yoyo ya janye yara, ya yi nisa, ya sanar da jami'an tsaro.