Rumbun Jami'a da Rumbun Fanni: Ina Ya Fi Dacewa a Ajiye Bayanan Bincike?

A shekarar 2014 Timothy Vines da abokan aikinsa suka wallafa wani nazari a mujallar Current Biology. Sun ɗauki maƙaloli 516 na ilimin halittu da aka buga tsakanin 1991 da 2011, suka bi marubutan suna neman ɗanyen bayanan da aka gina maƙalolin a kansu. Sai suka tarar yiwuwar a ce bayanan suna nan tana raguwa da kusan kashi 17 cikin 100 duk shekara. Wani adireshin imel ɗinsa ya mutu, wani kuma bayanansa suna kan faifan da babu na'urar karanta shi yanzu. Irin wannan asara ce ta sa masana harkar laburare suka duƙufa kan tambayar inda ya kamata mai bincike ya ajiye bayanansa. Hanyoyi biyu ne manya: rumbun intanet da laburaren jami'arsa ke kula da shi, ko rumbun da masana fanninsa na duniya suka haɗu a kai.

Rumbun fanni shi ne babba a shekaru. Tun 1962 aka kafa ICPSR a Jami'ar Michigan domin alƙaluman nazarin zamantakewa da siyasa. Protein Data Bank ya fara a 1971 a cibiyar Brookhaven da siffofin furotin bakwai kacal, yau sun haura 200,000. GenBank, mai tara jerin ƙwayoyin gado, ya biyo baya a 1982. Ƙarfin waɗannan rumbuna yana cikin tsaurinsu. Ba a karɓar kaya sai an zuba shi a tsarin da aka gindaya, masu dubawa kuma 'yan fannin ne, suna gane kuskure tun kafin ya shiga. Mujallu da yawa ba sa buga maƙala sai marubuci ya kawo lambar ajiya daga can. Da yake komai tsarinsa ɗaya, kwamfuta tana iya haɗa aikin dubban mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Manhajar AlphaFold, wadda ta kai Demis Hassabis da John Jumper ga lambar Nobel ta 2024, a kan abin da aka tara a Protein Data Bank ta koyi hasashen siffar furotin. Babu jami'a ɗaya da za ta iya tara wannan ita kaɗai.

Sai dai rumbun fanni yakan rayu ne da kuɗin tallafi, tallafi kuwa yana da wa'adi. A 2008 aka janye kuɗin Arts and Humanities Data Service a Birtaniya. TAIR, rumbun bayanan tsiron Arabidopsis, da tallafinsa na gwamnatin Amurka ya ƙare sai ya koma karɓar kuɗin rajista. Abin da ya fi wannan nauyi: fannoni masu yawa ba su da rumbu ko ɗaya.

Rumbun jami'a ya zo daga baya. Jami'ar Southampton ta fitar da manhajar EPrints a 2000, MIT da kamfanin HP suka fitar da DSpace a 2002. Tun asali an gina su ne domin maƙaloli da kundayen digiri, kuma har yau ana ganin wannan asali a jikinsu. Yawanci suna bayyana abin da aka ajiye da tsarin Dublin Core, mai gurabe 15: suna, marubuci, kwanan wata, maudu'i da makamantansu. Wannan ya ishi maƙala, domin maƙala tana bayyana kanta. Bai ishi jadawalin awon ruwan sama ba. Wanda ya buɗe jadawalin yana bukatar sanin ma'anar kowane layi, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, da ko gurbin da aka bari fayau yana nufin ba a yi ruwa ba ne ko ba a auna ba. In babu wannan, an ajiye fayil ne kawai. Ana ganinsa, amma ba mai iya aiki da shi. Ko rumbun Zenodo, wanda cibiyar CERN ta buɗe a 2013, yana karɓar kowane irin kaya ya ba shi lambar shaida ta dindindin, amma ba ya zama ya tantance abin da ke ciki.

Duk da haka ina ganin an rage wa rumbun jami'a daraja fiye da kima. Bryan Heidorn ya nuna a 2008 cewa kaso mai yawa na bincike ƙananan ayyuka ne, na malami ɗaya da ɗalibansa, kuma bayanansu ne suka fi ɓacewa. Waɗannan marayu ba su da mai karɓarsu sai laburaren gida. Jami'a kuma takan fi kowane tallafi tsawon rai. Ga kusanci: ma'aikacin laburare yana iya taka ƙafa zuwa ofishin mai bincike ya tambaye shi abin da wani gajeren suna a jadawali yake nufi, tun bai yi ritaya ko ya manta ba. Idan hira aka naɗa da mutanen wani ƙauye, shi ne zai fi sanin abin da suka yarda a fitar da abin da ya kamata a rufe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'o'i irin su Edinburgh da Purdue da Minnesota sun gane haka, suka ware rumbu na musamman domin bayanai, suka sa masu dubawa. Wasu jami'o'in Amurka ma sun haɗa kai a Data Curation Network suna aron ƙwararru tsakaninsu, tunda ba laburaren da zai iya ɗaukar masanin kowane fanni.

Masu ba da kuɗin bincike sun riga sun nuna inda suka karkata. Hukumar NSF ta Amurka ta wajabta rubuta tsarin kula da bayanai tun 2011, hukumar NIH kuma ta ƙarfafa tata dokar a Janairun 2023, tana fifita rumbun fanni a duk inda yake akwai. Na yarda da wannan. Jerin ƙwayoyin gado da aka kulle a rumbun jami'a ɗaya, nesa da GenBank, kusan asara ne.

Amma abin da ya rage bayan an cire bayanan da ke da rumbun fanni ba kaɗan ba ne, kuma a nan batun ya shafe mu. Jami'ar Ahmadu Bello tana da rumbunta mai suna Kubanni, inda ake samun kundayen digiri. Bayan kowane kundi akwai awon ƙasar noma, ko takardun tambayoyi, ko muryoyin dattawa da aka naɗa domin nazarin karin harshe, waɗanda babu wani rumbun duniya da ke jiransu. Ina roƙon shugabannin laburarori da na makarantun gaba da digiri su sa doka: ɗalibin da ya kawo kundinsa ya haɗo da bayanansa da takardar da ke bayyana su, kuma a sa ma'aikacin da zai buɗe ya duba kafin a sa hannu.