Karatun Gajimare a Hoton Tauraron Ɗan Adam: Misali daga Ƙasar Keita

Manomin Adar ya daɗe da sanin cewa hadari daga gabas yake tasowa. Abin da idonsa bai kai gare shi ba shi ne inda hadarin ya kwana jiya. Wannan shi ne aikin tauraron Meteosat, wanda Turawa suka fara harbawa a 1977. Yana tsaye ne a nisan kilomita wajen 36,000 bisa tsakiyar duniya, yana juyawa tare da ita, don haka ƙasar Nijar ba ta ɓace masa. A da yakan aiko hoto kowane minti 30. Waɗanda suka biyo bayansa sun rage wannan tazara zuwa minti 15. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana cikin masu fassara waɗannan hotuna.

Hoton iri-iri ne. Akwai na hasken rana, wanda ba ya amfani da dare. Akwai kuma na zafi, wanda shi ne abin dogaro, domin yawancin hadarin Sahel da la'asar yake haɗuwa, ya yi tafiyarsa cikin dare. A wannan hoto ƙasa mai zafi takan fito baƙa, abu mai sanyi kuma ya fito fari. To, gwargwadon tsawon gajimare, gwargwadon sanyin kansa. Saboda haka in aka ga dunƙulen fari tas, sanyinsa ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri ko fiye, sai a ce ga hadari. In an jera hotuna aka ga dunƙulen ya taso daga wajen duwatsun Abzin ko Damargu yana gangarowa yamma, ana iya ƙiyasta sa'ar da zai sauka Buza da Keita. Yawan sa'o'in da sanyin nan ya yi bisa wuri shi ake juyawa ya zama ƙiyasin ruwan da aka samu.

Amma fa a nan ne mai karatu kan yi tuntuɓe. Siririn gajimaren da ke shimfiɗe can ƙololuwa shi ma fari yake fitowa, alhali ko yayyafi babu cikinsa. A farkon damina kuwa, ruwan kan zubo ya ƙafe cikin busasshiyar iska kafin ya taɓa ƙasa. Hoto ya nuna hadari, mutanen gari su sha ƙura. Wanda ya yi binne bisa irin wannan labari yana iya hasarar irinsa na gero. Bahaushe ya bambanta gajimare da hadari tun fil azal, kuma a ganinmu mai fassara hoto ga manoma ya kamata ya riƙe wannan bambanci.

Har ila yau hoton ba ya gaya mana inda ruwan ya nufa bayan ya sauka. A Keita, ruwan da ya zuba bisa tsandauri yakan kwararo ƙoramu ya cinye gonakin kwari, abin da ya sa aikin raya karkara da aka soma a 1984 da taimakon Italiya ya duƙufa ga jera duwatsu da gina madatsai. Ma'aunin ruwa na ƙauye ne kaɗai ke tabbatar da abin da tauraro ya ƙiyasta.