Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Neman Gurbin Digiri Na Biyu A Fannin Gyaran Magana

 Da wuya ki shiga unguwa ki rasa gidan da ake da yaron da ya kai shekara uku ko huɗu bai fara haɗa kalmomi ba. Idan uwar ta nuna damuwa sai a ce mata, "Ki kwantar da hankalinki, nauyin baki ne, ai babansa ma sai da ya yi wayo ya fara magana." Wani lokaci a kira wanzami ya leƙa ƙarƙashin harshe ko akwai linzami. Wani yaron bakinsa yakan buɗe daga baya, wani kuwa haka za a kai shi makaranta, yara na yi masa dariya, malami na ɗaukarsa daƙiƙi. Ga kuma gyatumar da hawan jini ya kayar, an sallamo ta daga asibiti, tana gane kowa, amma sunan jikanta ya ƙi fitowa daga bakinta, sai hawaye.

Waɗannan matsaloli suna da masu aikinsu, kuma aikin karatu ne da ake yi a jami'a. Wannan bayani na 'yar'uwar da ta yi digiri na farko ne tana tunanin komawa makaranta, da kuma uwar da 'yarta ke dab da kammala jami'a tana neman inda za ta dosa.

Wane irin aiki ne?

A Amurka sunan kwas ɗin Speech-Language Pathology, a Ingila Speech and Language Therapy, a ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma Orthophonie. Da waɗannan sunaye za ki yi bincike a intanet. Mai gyaran magana ba likita ba ce, ba ta rubuta magani, ba ta yin tiyata. Tana gwada mai matsala ta gano inda gizo ke saƙa, sannan ta horar da shi da iyalinsa mako-mako har a ga canji.

Tana kula da yaron da ya makara wurin magana, da mai tsamin baki, da mai in'ina. Kimanin mutum 1 cikin 100 na manya yana in'ina, kuma ta fi yawa ga maza. Tana kula da jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganda bayan an yi masa ɗinki, da yaron da sanƙarau ya taɓa masa ji, da mai larurar otizim. Cikin waɗanda suka gamu da shanyewar ɓarin jiki, kusan kashi ɗaya cikin uku sukan samu matsalar furta magana ko fahimtarta, kuma wannan yana faruwa har ga yara masu sikila. Matsalar haɗiyar abinci ma tana cikin aikinta. A Amurka fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wannan sana'a mata ne.

Wace ce za ta iya nema?

Ba dole sai wadda ta karanta fannin lafiya ba. Wadda ta yi digiri a nazarin harshe, ko ilimi na musamman, ko nazarin halayyar ɗan Adam, ko aikin jinya, duk ƙofa a buɗe take gare su. Wadda ta karanta Hausa a jami'a ta san gurbin furuci da yanayin furuci, ta san karin sauti da tsawon wasali, to ta riga ta taɓa wani ɓangare na karatun.

Sai dai jami'o'in Amurka suna da darussan share fage da suke so a zo da su: ilimin furuci, ƙirar gaɓoɓin magana da yadda suke aiki, yadda yaro ke koyon harshe, da gabatarwa ga ilimin ji. Wadda ba ta yi su ba, wasu jami'o'in sukan ƙara mata kamar shekara guda, karatun shekara biyu ya koma uku. Wasu kuma sukan ce ta kammala su tukuna, ko da ta intanet ne, kafin ta nema. Bugu da ƙari, ƙungiyar ASHA, wadda aka kafa a 1925 kuma ita ke ba da shaidar ƙwarewa a ƙasar, tana buƙatar darasi a ilimin halittu, da kimiyyar sinadarai ko fiziks, da ƙididdiga, da ilimin zamantakewa ko halayya. Ki ɗauko takardar sakamakonki tun yau ki duba waɗanda kika yi.

Yadda tsarin Amurka yake

A can digiri na biyu shi ne matakin shiga aikin, digiri na farko kaɗai ba ya isa. Abu na farko da za ki tabbatar shi ne kwas ɗin yana da amincewar majalisar tantancewa ta CAA, domin wanda bai da ita ba zai kai ki ga shaidar ASHA ba. Ƙungiyar tana da shafin bincike mai suna EdFind, inda ake ganin jami'o'in da sharuɗɗansu.

A lokacin karatun ɗaliba za ta cika awa 400 na aikin gwaji ƙarƙashin kulawa: awa 25 tana kallon ƙwararru, awa 375 tana aiki da masu larura da kanta. Bayan nan akwai jarrabawar Praxis, sai aikin sanin makama na aƙalla mako 36, wato awa 1,260, kafin a ba ta shaidar CCC-SLP. Kowace jiha kuma tana da lasisinta. Ke nan daga shiga zuwa tsayawa da ƙafa ana maganar kusan shekara uku, ga wadda ba ta buƙaci share fage ba.

Jami'o'i da yawa suna karɓar takardu ta kafa ɗaya mai suna CSDCAS. Sau ɗaya za ki cika bayananki, ki zaɓi makarantun da kike so, amma kowace ƙarin makaranta da kuɗinta. Ana fara karatu a watan Agusta, yayin da mafi yawan wa'adin rufe karɓar takardu ke faɗawa tsakanin Disamba da Fabrairu. Amsa takan fito wajen Maris. Masu nema sun fi guraben yawa, don haka hikima ita ce ki raba ƙafa: ki haɗa da makarantun da makinki ya yi daidai da nasu, kada ki tsaya ga masu suna kaɗai.

Takardun da za ki haɗa

Na farko, takardar sakamakon jami'a. Amurka tana auna maki a kan 4.0, yawancin makarantu ba sa duba ƙasa da 3.0, kuma waɗanda ake ɗauka sukan haura haka. Yawancin jami'o'in Nijeriya kuwa a kan 5.0 suke aunawa, don haka sai an aika takardun ga kamfanin tantancewa irin su WES ya daidaita su. Duk wadda ta taɓa neman wannan takarda ta san ba a rana ɗaya take fitowa ba. Ki fara da ita.

Na biyu, shaidar iya Turanci, TOEFL ko IELTS. Wasu jami'o'in sukan yafe wa wadda ta yi digirinta da Turanci, wasu ba sa yafewa, kuma sukan sa ido musamman a kan makin magana. Jarrabawar GRE a da kusan dole ce, amma tun daga 2020 makarantu da dama sun daina nemanta. Kada ki biya kuɗinta sai kin ga makarantar da kika zaɓa ta ambace ta.

Na uku, wasiƙun shaida, galibi guda uku, kuma an fi son malaman da suka koyar da ke. Malamin da ya san aikinki ya fi farfesan da bai san fuskarki ba. Ki sanar da su da wuri, ki tura musu taƙaitaccen tarihinki, musamman idan kin daɗe da barin makaranta.

Na huɗu, bayanin kanki da dalilin neman wannan karatu. Nan ne mata da yawa ke faɗuwa, domin kowa yakan rubuta cewa yana son taimakon jama'a. Ki faɗi abin da idonki ya gani da abin da hannunki ya yi: watannin da kika yi kina taimakawa a makarantar kurame, ko ajin yara masu buƙata ta musamman, ko jinyar wani naki, da abin da kika koya a ciki. Shekarun da kika yi kina renon yara ba abin ɓoyewa ba ne, ki ambace su a taƙaice ki nuna yadda kika shirya dawowa karatu. Kada ki ba wani ya rubuta miki, domin wasu makarantun suna yin ganawa, kuma daga abin da kika rubuta za su ɗauko tambaya.

Ki kuma ambaci Hausarki. Kayan gwajin magana da aka fi amfani da su an tsara su ne don masu Turanci. Ba su san ɓ da ɗ da ƙ da ts ba, ba su san Hausa tana da ra iri biyu ba, ba su san karin sauti yana raba kuka na hawaye da kuka ta miya ba. Wadda ba ta jin harshen yaro da wuya ta bambance tsamin baki da karin harshen garinsu. Wannan jari ne a hannunki.

Ingila da kusa da gida

A Ingila wadda ke da digiri a wani fanni tana iya yin digiri na biyu na shekara biyu da zai ba ta damar rajista da hukumar HCPC. Jami'o'i irin su UCL, Sheffield, Newcastle da Reading suna yin sa. Sharaɗin Turanci a wannan fanni ya fi na sauran ayyukan lafiya tsauri: hukumar tana neman maki 8.0 a IELTS, ba tare da wani sashe ya gaza 7.5 ba. Ki lura kuma tallafin Chevening na karatun shekara ɗaya ne, bai dace da wannan ba.

A Nijeriya, Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Ibadan ya daɗe yana horar da ɗalibai a fannin ji da gyaran magana har matakin digiri na biyu. Za a nemi takardar bautar ƙasa ko shaidar an ɗauke miki ita. Hukumar MRTB, wadda dokar 1988 ta kafa, ita ke yi wa masu wannan aiki rajista, saboda haka kafin ki biya kuɗin fom, a gida ko a waje, ki tambaye ta ko takardar za ta ba ki lasisi. A Gana, jami'ar ƙasar ta fara digiri na biyu a wannan fanni a 2016. Ga 'yan'uwanmu na Nijar, makarantar ENAM da ke Lome a Togo tana horar da masu wannan aiki da Faransanci.

Biza, kuɗi da iyali

Nan ne ya kamata a zauna da maigida a yi lissafi da idon basira. A watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da dakatar da ba 'yan Nijeriya sabuwar bizar karatu daga 1 ga Janairun 2026, ta kuma sa Nijar cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa baki ɗaya, kamar yadda ta yi wa Chadi da Sudan a watan Yunin 2025. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka ki duba shafin ofishin jakadanci kafin ki kashe ko sisi. Iyalan da ke zaune a can da takardun zama, 'ya'yansu ba su da wannan cikas. A Ingila kuwa, daga Janairun 2024 an hana mafi yawan ɗaliban digiri na biyu zuwa da miji ko 'ya'ya, in ban da masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

Karatun kansa ba na jefi-jefi ba ne. Da rana ana asibiti ko makarantar yara, da yamma ana aji ko rubuta rahoto. Wa zai riƙe yara? Wa zai kai su makaranta? A amsa waɗannan tambayoyi tun kafin takardar ɗauka ta iso. Game da kuɗi, ki tambayi sashen ko yana ɗaukar ɗalibai aikin taimaka wa malamai a rage musu kuɗin makaranta. Ki yi hattara da dillalan da ke alƙawarin gurbi tabbas, domin babu mai sayar da shi.

A fara daga yau

Wadda ke son shiga aji a Agustan wata shekara, shirinta yana farawa ne fiye da shekara guda kafin nan. Wata uku na farko, neman takardar sakamako da zaɓen makarantu. Na biyu, jarrabawar Turanci da aikin sa kai. Na uku, rubuta bayanin kai da tuntuɓar malamai. Na ƙarshe, aikawa tun wa'adi bai matso ba, saboda tantance takardu yana cin makonni. Idan ba a dace ba a karon farko, ba ƙarshen zance ba ne. Ki rubuta wa sashen cikin ladabi ki tambayi inda kika gaza, ki gyara, ki sake nema.

Ke kuma uwa mai yaron da bakinsa ya yi nauyi, kada ki jira sai 'yar maƙwabta ta gama wannan karatu. Yaro yakan fara kalmomin farko wajen shekara ɗaya, ya fara haɗa kalma biyu wajen shekara biyu. Idan naki ya wuce haka shiru, ki kai shi babban asibiti a fara gwada jinsa, ki kuma tambaya ko suna da mai gyaran magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mai nema sa'a, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.